Ranar da Japan Ta Tafa wa Alhaji Munzali

Idan ana lissafin arzikin da Allah Ya yi wa ƙasar Qatar, daga iskar gas sai Alhaji Munzali. Shi a ransa ya fi son a fara da shi, amma da yake mutum ne mai tawali'u, ya bar wa gas ɗin. Ɗan Birnin Kudu ne, ya sauka Doha da jaka ɗaya da takardar aikin gadi, sai dai kada ka kuskura ka kira shi mai gadi. Babban jami'in kula da shige da fice ne. Alhajin ma da guminsa ya same shi: ya taɓa raka wani direba har bakin iyakar Saudiyya, ya hango ƙasa mai tsarki ta tagar mota, ya dawo da sunan.

Tauraronsa ya haska ne a shekarar korona. An rufe Sanaiya, unguwar gareji da ɗakunan leburori inda yawancin Hausawa ke kwana, mutane na ta addu'ar Allah Ya kawo ƙarshen annoba. Shi kuwa aka damƙa masa na'urar auna zafin jiki a ƙofar wani babban kanti a Al Gharrafa. Wayyo, ranar nan! Ba a taɓa ganin mutum da na'ura sun dace haka ba. Yakan saita ta a goshin Balarabe, ya lumshe ido ɗaya, ya karanta lambar a hankali, ya jinjina kai kamar wanda ya gano abin da ya gagari asibiti. Wanda manhajar korona ta wayarsa ba ta nuna kore ba, ko uban waye shi, sai ya juya. Kafin wata ya ƙare ya fara sa hannu da “Dakta”, har mahaifiyarsa a ƙauye ta soma karɓar gaisuwar maƙwabta a kan ɗanta likita. Samarin Sanaiya suka taya shi, suka raɗa masa Dakta Goshi. Ranar da aka ce annoba ta yi sauƙi a maido da na'ura, duk Doha murna ake, shi kaɗai ya ƙi cin abinci.

Da gasar cin kofin duniya ta zo, aka ba shi riga mai ƙyalli da ƙofa ɗaya a filin wasa. A nan ne ya haɗu da mutanen Japan. Bayan an tashi wasa sai ga su sun bi kujeru suna tsince shara, suna cika shuɗayen ledoji. Suka zo ƙofarsa, suka miƙa masa ledojin, kowa ya sunkuyar da kai ya wuce. Wani da aka miƙa wa shara zai gane cewa mai kwashe shara aka ɗauke shi. Alhaji Munzali ba ya cikin irin waɗannan masu gajeren tunani. Ya tsaya rungume da ledoji har haɓa, ƙirjinsa na kumbura.

“Mutanen nan suna da ido,” in ji shi a Sanaiya washegari. “Ba wanda ya gaya musu kakana mai unguwa ne. Kallo ɗaya suka yi mini, gwiwoyinsu suka saki.”

To, a daidai wannan lokaci ne kujera ta faɗi. Malam Gado, wanda ya daɗe yana riƙe da sarautar Hausawan Sanaiya, kwantiraginsa ya ƙare, zai koma gida. Sarautar ba ta da albashi. Abin da ke cikinta shi ne tarbar sabon zuwa, da zirga-zirga idan an riƙe wa wani haƙƙinsa, da tsayawa a kan gawa idan wani ya rasu ba dangi kusa. Akwai kuma farar kujerar roba mai hannu da ake ajiye wa sarki ranar taro, da rawani guda. Alhaji Munzali bai taɓa lura da zirga-zirgar ba, amma kujerar nan ya san ta ciki da waje. Ya taɓa zama a kanta a ɓoye, ya tarar kamar da shi aka auna ta.

Matsalar ita ce Aruna, wani direban tankar ruwa ɗan Zangon Kumasi. Mutum ne marar fasali, kullum rigarsa da maiƙo, ba abin da ya taɓa yi wa jama'a sai kai shinkafa ɗakunan da aka kulle lokacin annoba da wanke gawawwakin da kowa ya gudu ya bari. Abin takaici, mutane suka nace da ambaton sunansa. Aka sa ranar zaɓe, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Alhaji Munzali ya kwana biyu yana tufka da warwara, daga ƙarshe ya gano inda abokin takararsa ke da rauni.

“Ku tsaya, jama'a. Wa ya san Aruna a wajen Sanaiya? Sarki fuskar al'umma ne. Sarki sai wanda duniya ta sani, wanda in ya shiga wuri za a tashi. Ni ba na yabon kaina, wallahi ba halina ba ne. Hujja zan kawo muku.”

Hujjar kuwa ta zo da ƙafarta. Bayan gasa ya sami gadin wani gida a Al Gharrafa, kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, wani dattijon Balarabe ne mai ciwon gwiwa. Aka ce a kai dattijon Japan likitoci su duba shi, ana neman ƙaƙƙarfan da zai tura keken guragu ya ɗauki akwatuna. Labarin da ya iso Sanaiya ya ɗan bambanta. Alhaji Munzali zai jagoranci wata tawaga zuwa Gabas mai Nisa, bisa gayyatar da ta daɗe tana jiransa tun ranar ledoji. Ya ari akwati, ya sa aka buga wa shaddarsa sitati har tana iya tsayuwa ita kaɗai.

A Japan ya tura keke har tafin hannunsa ya yi kanta. Ba wanda ya tashi don ya shigo, amma ya yi musu uzuri, asibiti ba wurin bikin tarba ba ne. Sai ran nan likitoci suka riƙe dattijon wuni guda, ya ɗaga hannu daga kan gado ya ce, “Yalla, Munzali, je ka sha iska.” A ƙofar otal akwai bas da ke kai baƙi yawon wuni zuwa wani wurin ibadar Shinto, addinin gargajiyar mutanen ƙasar, can gindin duwatsu a wajen gari. Alhaji ya ga hoton a jikin bas ɗin, gini mai lanƙwasasshen rufi da wata jibgegiyar jar ƙofa. Nan take ya gane fada ce. Ya koma sama ya zuba babbar riga, ya kafa hula, ya toshe ido da baƙin gilashi.

Ba za a ce ba a yi masa bayani ba. Matar da ke jagorantar tafiyar ta raba wa kowa abin sawa a kunne, ta yi ta magana tun daga cikin gari har dazuzzuka: menene wurin, yadda ake shiga, abin da ake yi da wanda ba a yi. Alhaji ya rataya nasa a wuya don ya yi kyau da aikin rigar. Mutumin da ya yi shekaru yana gaya wa mutane inda za su bi ba ya bukatar wata yarinya mai ƙaramar tuta ta koya masa shiga ƙofa.

A al'adar wurin, duk wanda ya zo jar ƙofar nan yakan tsaya ya sunkuya, sannan ya bi gefen hanya, don tsakiyar ba ta mutane ba ce, ta abin da suke bauta wa ce. Alhaji ya iso ya tarar da hanya shimfiɗe da farar tsakuwa, tsakiyarta fayau, jama'a sun rabu dama da hagu suna sunkuyawa. Hawaye suka kusa zubo masa. Ko a Birnin Kudu ba a taɓa yi masa haka ba. Ya gyara hannun riga, ya ɗora ta kan kafaɗa, ya kama tsakiyar nan yana takawa ɗai-ɗai, tsakuwa na ƙara a ƙarƙashin takalminsa. Yana ɗaga wa na dama hannu, yana ɗaga wa na hagu. Wani tsoho ya zaro ido ya ja jikarsa gefe. Alhaji ya yi masa alamar ya kwantar da hankalinsa, shi ba mai tsanani ba ne.

Gaba kaɗan akwai wata rumfa da komin dutse cike da ruwa, inda masu ziyara ke ɗauraye yatsu da baki kafin su ƙarasa. Tun zuwan korona an ɗauke ludayan da ake ɗiba da su, an zuba furanni a saman ruwan, an bar ƴan bututun gora suna zubo da shi siriri. Alhaji ya dubi furannin ya girgiza kai. Wannan ɗawainiya ta yi yawa, in ji shi a ransa, ai da ba su wahalar da kansu ba. Sannan ya yaba da hankalinsu, sun san babban baƙo Musulmi ne, har wurin alwala sun tanada. Ya naɗe hannun riga, ya tuɓe takalmi da safa. Ya kurkure baki da ƙarfi, ya shaƙa ya fyace, ya wanke fuska da damatsa, ya shafi kai da kunnuwa. Da ya zo ƙafa sai ya ga bututun ya yi masa rowa, ya ɗaga ta ya tsoma cikin komin gaba ɗaya, ya tsefe tsakanin yatsu. Furanni suka watse gefe. Wata tsohuwa ta dafe bakinta ta kan takunkumi, ta kasa motsi. Alhaji ya fahimce ta sarai, ba kullum ake ganin tsafta irin wannan ba.

Bai mai da takalmin ba, ya riƙe su a hannu, don ya san ladabin shiga fada. A gaban babban ginin akwai matattakalar katako, a samanta wani dogon akwati mai tsage-tsage a baki, da igiya mai kauri da ke rataye da ƙararrawa. Jama'a sun yi layi. Kowa in ya zo sai ya jefa ƴar tsabar kuɗi a akwatin, ya sunkuya sau biyu, ya tafa sau biyu, ya yi shiru yana roƙon abin da ya kawo shi, ya sake sunkuyawa ya ba na baya wuri. Wannan ita ce ibadarsu, kuma suna yin ta cikin natsuwar da ya kamata ta sa baƙo ya ja baya. Alhaji dai ya ga layi, ya ga dandamali, ya ga ba kowa a kai. Ya jingina wayarsa a jikin wata fitilar dutse, ya saita ta, ya danna ɗaukar bidiyo. Ya haye matattakalar da jiƙaƙƙun ƙafafu, ya tsaya gaban akwatin, ya juya wa ginin baya, ya fuskanci talakawansa.

Na gaban layi wani ma'aikaci ne da jakar ofis. Ya duba hagu, ya duba dama, bai ga mai ceto ba. Mutanen ƙasar sun fi son su haɗiye abu da su yi rigima da baƙo, don haka ya leƙa ta gefen babbar riga ya jefa kuɗinsa. Kuɗin ya bugi sitati ya gangara. Liƙi! Alhaji ya ji wani sanyi ya ratsa shi tun daga hula har diddige. Mutumin ya sunkuya, ya tafa, ya gudu. Ta bayansa ma haka. Nan fa bakin Alhaji ya buɗe.

“Jama'ar Japan, na gode, na gode. Khalas, ya isa haka, ku ɗago. Ni ɗan Adam ne kamarku. Na ga tarbar da kuka yi mini, na ga furanni, na ga ruwa. Ina tabbatar muku, da zarar na hau kujera, dangantaka tsakanin Japan da Sanaiya za ta shiga sabon babi. Ƙofata a buɗe take, amma da ka'ida, sai an nuna kati. Ku ci gaba da tsaftar nan da na san ku da ita. Wanda bai samu ya gaisa da ni ba kada ya damu, layi zai zo kansa.”

Don ya rufe jawabi da armashi, ya kama igiyar nan ya girgiza da iyakar ƙarfinsa, har tsuntsaye suka tashi daga rufi.

Wani ma'aikacin wurin, sanye da farar riga da wando mai faɗi, ya fito da sauri. Ya sunkuya, ya sake sunkuyawa, ya riƙe gefen hannun rigar Alhaji da yatsu biyu, ya ja shi a hankali kamar yadda ake janye akuya daga shanyar gero ba tare da an firgita ta ba. Alhaji ya bi shi da fara'a, ya san liyafa za a kai shi. Aka kai shi wani benci kusa da inda ake ajiye motoci, aka zaunar da shi, aka nuna masa takalminsa. Ya jira shayi bai zo ba. Ya yanke hukuncin cewa sarkin garin ba ya nan. Sai da direban bas ya yi hon sannan ya tuna da wayarsa, ya koma ya tarar da ita inda ya bar ta, tana ta ɗauka.

A jirgin dawowa ya kalli bidiyon har batir ya mutu. Yakan kalla daga hawa matattakala zuwa girgiza ƙararrawa, sai ya mai da shi farko. Bai taɓa barinsa ya wuce nan ba. Me mutum zai kalla a wurin da ba ya ciki?

Ranar zaɓe ɗakin cin abincin leburori ya cika har taga. Direbobi, masu gadi, masu wankin mota, ƴan Najeriya da ƴan Zango, kowa da warin gumin Juma'a. An ajiye farar kujera a gaba, rawani a kanta. Aruna ya yi magana a taƙaice, ya ce in an ba shi zai yi, in ba a ba shi ba ma zai yi, ya zauna. Alhaji ya tausaya masa. Ya ari igiyar haɗa waya da talabijin a wurin wani mai gyaran waya, Yusif, ya jona, ya danna, ya juya wa allon baya don ya kalli fuskokin masu zaɓe lokacin da gaskiya za ta bayyana.

Da farko kuwa kowa ya zuba wa allo ido. Ga Alhaji a saman dandamali, ga Japanawa na sunkuyawa suna tafi, ga kuɗi na bugun riga. Wasu suka fara duban juna. Wani ya ce, “Kai, ashe da gaske ne.” Malam Gado ya matso da gilashinsa, ya ƙura wa ginin ido, ya ce, “Alhaji, anya wannan ba wurin ibadarsu ba ne?”

“Ranka ya daɗe, ko menene, ni suka gani.”

Ƙararrawa ta kaɗa a talabijin. Alhaji ya miƙa hannu zai zare igiya, sai Aruna ya ce, “Alaji, bar shi ya yi gaba mana, sinima nan bai ƙare ba.” Jama'a suka goyi baya. Alhaji ya ga ba laifi, wataƙila ma an ɗauko kukan da aka yi bayan tafiyarsa. Ya gyara tsayuwa ya shiga jawabin kama mulki, yana lissafa irin ƙasashen da zai ziyarta.

A bayansa, a allon talabijin, an janye shi daga hoton. Dandamali ya zama wayam. Wata mata ta zo da bokiti da tsumma, ta durƙusa ta goge sawun jiƙaƙƙun ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, ta matse, ta tafi. Layi ya matso. Mutum ya jefa kuɗi, ya sunkuya, ya tafa. Na bayansa ya jefa, ya sunkuya, ya tafa. Ba Alhaji, ba babbar riga, ba hula, amma tafin na nan, har ya fi na ɗazu fita, don yanzu ba wanda ke leƙe ta gefen kowa. Dariya ta fara daga bayan ɗaki kamar tari, ta biyo benci-benci. Wani direba ya zame ƙasa yana riƙe da ciki. Samarin suka fara tafi tare da Japanawan, biyu-biyu, suna sunkuya wa junansu. Alhaji ya ɗaga hannu biyu.

“Ku yi haƙuri, ku bari sai na gama. Na san zumuɗi ne. Haka aka yi mini a can.”

Malam Gado ya share hawaye da gefen rigarsa, ya ce a yi abin da ya tara mutane. Zaɓen na layi ne, kowane ɗan takara ya tsaya ya fuskanci bango, masu sonsa su jeru a bayansa. Alhaji ya tsaya ƙiƙam, ƙirji gaba, idonsa a kan farar kujera. Ya ji benci na motsi, ya ji takun ƙafafu da yawa, ya ji ana cewa a matsa, a matsa, wuri bai isa ba. Ya ce a ransa lallai sai an faɗaɗa ɗakin nan a shekararsa ta farko. Can ya ji numfashin mutum daf da ƙeyarsa, har da ɗan taɓi a kafaɗa. Ya ƙirƙiro murmushin da ya tanada don talakawa, ya waiwaya.

Layin Aruna ya fita ta ƙofa ya lanƙwasa har wajen famfo. A bayan Alhaji Munzali mutum ɗaya ne tak, Yusif, hannunsa a miƙe.

“Dakta, in ka gama, igiyata.”